Ranar da Baba Ya Yabi Littafi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa in daina kewaye-kewaye, in faɗa mata ko magabatan Hisham sun zo ko ba su zo ba. Ki yi haƙuri, 'yar uwa. Ni malamar aji uku ce a firamare, na saba ba na kai yaro shafi na biyu sai ya gane na farko. Bari in fara da Baba, don wanda bai san shi ba ba zai gane abin da ya same mu ba.

Sunana Gumsu, shekarata talatin da biyu, a unguwar Wulari, nan Borno, muke zaune ni da mahaifina, Farfesa Ba'ana. Ummana ta rasu. Baba ya tsufa yana koyar da adabi a jami'a, kuma duk Asabar yana da fili a jarida inda yake sharhin littattafai. Marubuta tsoronsa suke ji. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, amma in littafi bai yi ba zai ce bai yi ba, ya nuna maka shafin. Yakan ce littafi kamar tuwon gidan biki ne, kowa cewa yake ya yi daɗi, dole a samu mutum ɗaya da zai ce akwai gudaji.

Da gari ya rikice, abokan aikinsa da yawa suka kwashe iyali zuwa Kano da Abuja. Shi ya ƙi motsawa. Ya ce yaran da ba su da wurin gudu, wa zai shiga musu aji? Shekarar da aka yanke layukan waya, da hannu yake rubuta sharhinsa ya ba direban motar Kano ya kai. An sha jin ƙarar fashewa yana tsakiyar darasi, sai ya jira ƙurar tsoro ta lafa a fuskokin ɗalibai, ya ce, "To, muna ina?"

Wannan halin ne ya raba shi da amininsa, Dakta Wilson, wanda muke kira Baba Wilson. Tare suka fara aiki. A gidansu nake cin shinkafar Kirsimeti, 'yarsa Rebeka kuma a gidanmu take cin naman layya. Da aka ƙona garinsu, mahaifiyarsa ta rasu a hanyar gudu, sai ya zauna ya rubuta waƙoƙi ya buga. Baba ya karanta, ya rubuta a jarida cewa baƙin cikin gaskiya ne, amma waƙoƙin ba su kai shi ba. Tun daga nan Baba Wilson bai sake taka tsakar gidanmu ba. Ko ranar rasuwar Umma, a ƙofar gida ya yi gaisuwa ya juya.

Yanzu sai Hisham. A makarantarmu muka haɗu, ƙungiyar agajin da yake wa aiki ta kawo mana kujeru. Dogo ne, ɗan unguwar Bulumkutu, iyayensa Larabawan Borno ne, dillalan shanu. Ya taɓa zama a ajin Baba, can baya, inji shi, inda ido ba ya kaiwa. Kullum da safe kafin in shiga aji saƙonsa ya riga ni:

"Malamata, an tashi lafiya? Ɗalibinki ya zo da wuri yau."

Kada ku ce mugu ne, don ba mugu ba ne. Ranar da aka rufe hanya muka makale a makaranta, shi ya zagayo da ƙafa ya raka ni har gida. Ni kuwa maza biyu sun riga sun wuce ni. Ɗaya iyayensa sun yi hijira da shi bai waiwayo ba, ɗayan ya zauna da Baba sau ɗaya ya ce shi ba jarrabawa ya zo rubutawa ba. Don haka da Hisham ya zo, na riƙe shi da hannu biyu.

Sai ya rubuta littafi. Labari ne na mutanen sansanin gudun hijira. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ku je nema.

Kun san yadda ake ƙaddamar da littafi a wurinmu. A kama zaure, a gayyato manya, a sa wani malami ya tashi ya yi sharhi. Sunansa sharhi, amma kowa ya san yabo ake nufi, kamar yadda ba a zuwa suna a ce jariri mummuna ne. Shi ya sa tun da nake ba a taɓa gayyatar Baba wannan aikin ba. Hisham ne ya fara. Ya zo da yamma cikin farar shadda da hula zanna, ya durƙusa, ya miƙa littafin da katin gayyata.

"Baba, ba ni da wanda ya fi ka. Kai nake so ka yi sharhi."

Ina bayan labule da tiren shayi a hannu.

"Ka san yadda nake aikina?" inji Baba.

"Na sani, ranka ya daɗe. Ai ɗa na kowa ne, balle na gida."

Baba ya karɓa. Da daɗewa bayan tafiyar Hisham yana juya littafin a hannunsa.

Na tura masa saƙo: "Me ya sa ba ka shawarce ni ba?"

"So nake in ba ki mamaki. Baffannina duk za su zo. Sun ce in an gama taron, Asabar ta gaba za su kawo goron tambaya. Kin ga murna biyu ke nan."

Washegari sai ga Ya Falmata, yayar Baba, daga unguwar Hausari. Keke ya sauke ta, ta shigo da lafaya ruwan goro tana tashin humra, ko zama ba ta yi ba.

"Wushe, Ba'ana. An ce za ka yanka yaron mutane a gaban baffanninsa."

"Lale, Ya Falmata. Ban ma karanta ba tukuna."

"Kai da karatu. Wilson ma ai karantawa ka yi." Ta ja tabarma ta zauna. "Ka dubi Gumsu. Sa'o'inta suna kai yara makaranta, ita tana share wa yaran wasu majina. Larabawan nan ka san su da zuciya. Ka kunyata ɗansu a bainar jama'a, ko sunan unguwar nan ba za su sake ambata ba. Jaridar ce za ta haifa maka jikoki?"

"Ban ce zan kunyata kowa ba."

"Ban ce ka yi ƙarya ba ni ma. Ka ce Allah ya sa albarka, ka zauna. Mutane nawa suka mutu a garin nan, sai takarda ce abin tsaya wa?"

Ta juyo kaina. "Ke kuma kin yi tsaye kamar turmi. Ba ki da baki?"

Ina da baki, 'yan uwa. Ban dai san me zan ce da shi ba.

Idanun Baba sun yi rauni, yanar ido ta fara rufe su, don haka ni nake karanta masa. Tun da aka kayar da turakun wuta gari ya zauna babu lantarki, sai muka mayar da karatun bayan La'asar, a gindin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke tsakar gida. Yadda muke yi, ina karantawa yana kishingiɗe, in ya ji abin da ya tsaya masa sai ya ce "tsaya," in maimaita masa layin, ya yi magana, in rubuta. Ran Alhamis kuma ya yi mini shiftar sharhin gaba ɗaya.

Na buɗe littafin Hisham na fara. Ban yi nisa ba na san inda muka dosa. Matan da ke cikinsa ba su da aiki sai kuka. Ni ina da 'ya'yan sansani a ajina, na san iyayensu mata. Suna faɗa a kan layin famfo, suna adashi, suna yi wa juna kitso da tsiya, akwai wadda ta taɓa ba ni dariya har na zauna a ƙasa. A littafin Hisham babu mai dariya. Tsohuwa daga ƙauye za ta buɗe baki ta yi magana kamar tana karanta rahoton ofishinsu. Ya ga mutanen, ya tausaya musu, amma bai saurare su ba.

Na yi ta jiran "tsaya." Ba ta zo ba. Yini bayan yini ina karantawa, kaji na kiwo a gefenmu, janareton maƙwabta na ruri, Baba na kishingiɗe ya rufe ido. Biro na hannuna har ya yi gumi. Da na kai shafin ƙarshe na rufe, sai ya buɗe ido.

"Ke me kika gani?"

"Ya yi ƙoƙari, Baba."

"Ban tambaye ki ƙoƙari ba."

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina.

"Gumsu."

"Na'am, Baba."

"Kina son yaron nan?"

Wace 'ya ce za ta amsa wannan a gaban mahaifinta? Na ja mayafi na rufe fuskata. Wannan kuwa ya zama amsa.

"To," ya ce. Ya laluba takalmansa ya tafi alwala.

Ranar taron na sa lafaya shuɗiya mai ratsin zari, wadda Umma ta bari, Ya Falmata ta turara ta tun da safe. A ƙofar otal aka caje mu ɗaya bayan ɗaya, har jakata aka zazzage. Zauren ya cika. A gaba baffannin Hisham ne cikin manyan riguna, da sandunansu a jingine. A baya kuwa ɗaliban Baba ne, tsofaffi da sababbi, sun yi cincirindo har bakin taga. Na ji wani yana ce wa ɗan uwansa, "Yau akwai fiɗa." Kallo suka zo.

A layi na uku na hango Baba Wilson. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Na je na durƙusa na gaishe shi.

"Gumsu, 'yata. Rebeka na gaishe ki. Na ji tsohon zai yi magana, na ce bari in zo in taya yaron jimami."

Wayata ta yi motsi. Hisham ne daga kan dandamali: "Shuɗin nan zai hana ni karanta jawabina."

Aka kira Baba. Wani ɗalibi ya riƙe masa hannu ya hau. Bai zo da takarda ba. Ya tsaya ya gyara tabarau, zauren ya yi tsit, sai ƙarar janareto.

Ya ce ya daɗe yana jiran littafin da zai ba mutanen sansani murya, kuma ga shi ya zo. Ya ce marubucin yana da kunne. Kunne, 'yan uwa. Ya ce matan da ke cikin labarin za su daɗe a zuciyar mai karatu. Ya ce Borno ta yi sabon alƙalami. Muryarsa ba ta yi rawa ba ko kaɗan, jimlolinsa a jere kamar kullum, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da ya yi in'ina da na ce tilas ce. Amma ya yi ta da kyau, da irin gwanintar da ya tara tun kafin a haife ni.

Baffanni suka yi ta gyaɗa kai. Ya Falmata ta matse mini hannu. A baya, tafin ya zo a makare, kuma bai yi ƙarfi ba. Na waiwaya na ga ɗaliban suna kallon juna. Wata yarinya da ta buɗe littafin rubutu tun farko ta rufe shi a hankali ta mayar jaka. Kujerar Baba Wilson kuwa babu kowa.

A mota Hisham sai murna yake. "Kin ji? Kin ji abin da ya ce? Mutumin da bai taɓa yabon kowa ba." Baba na gaba, ya jingina kai da gilashi kamar mai barci.

Washegari da hantsi ina shanya sai na ji sallama. Muryar da na daɗe ban ji a tsakar gidanmu ba. Baba Wilson ya shigo daga coci, da kwat ɗinsa. Na kawo masa kujera da ruwa. Bai taɓa ruwan ba.

"Wilson," inji Baba, ya miƙe zaune. Na ga fuskarsa ta yi haske. "Ka shigo."

"Na shigo. Ba daɗewa zan yi ba." Ya ɗora hularsa a gwiwa. "Na sayi littafin yaron, na karanta rabi. Ba'ana, ka san abin da ke ciki."

Baba ya kawar da kai.

"Ban zo faɗa ba. Ka san na yafe maka tuntuni? Ban faɗa maka ba, amma na yafe. Na ce wa matata, ku bar Ba'ana, haka Allah ya yi shi. Ba zai iya ba. Ko uwarsa ce ta rubuta, abin da zai faɗa ke nan. Da wannan na lallashi kaina duk shekarun nan. Har na koma na duba waƙoƙin na ce wataƙila yana da gaskiya." Ya yi ɗan murmushi. "Jiya na ga ashe kana iyawa."

"Wilson, yarinyar nan..."

"Na sani. 'Yarka ce. Ni ma uwata ce." Ya tashi ya sa hularsa. "Ban ce ka yi laifi ba. Da Rebeka ce, ni ma zan yi. Ni dai na zo in ga fuskarka ne in gaya maka na gane."

Ya juyo gare ni. "Allah ya sanya albarka, 'yata. Ki gayyace mu."

Na raka shi ƙofa. Da na dawo Baba na nan yadda na bar shi, hannunsa ɗaya a kan kujerar da aka tashi daga kai.

Kwanakin da suka biyo baya Hisham bai sauka daga sama ba. Ya sa hoton Baba a shafinsa da kalmar "sabon alƙalami" da manyan baƙaƙe. A ƙasa mutane na ta taya murna. Wani kuma ya rubuta: "Ashe Farfesa ma yana da farashi, ba a dai taya ba ne." Na goge hawayena na tura wa Hisham.

"Ka cire hoton nan, don Allah."

"Mahassada ne, Malamata. Rabu da su. Na ma gaya wa mai buga littafin ya sa maganar Baba a bango in za a sake bugawa. Kuma albishirinki, na fara na biyu. Wannan karon shi zai rubuta gabatarwa."

Na daɗe ina kallon saƙon. Abin da na gane shi ne Hisham bai san an yi masa kyauta ba. Ya ɗauka haƙƙinsa ne aka ba shi. Kuma ni ce zan zauna da shi, in ji yana maimaita wa baƙi maganar nan har tsufanmu, ina murmushi ina zuba shayi.

Ran Alhamis bayan La'asar na ɗauko biro da takarda na zauna a gindin maina kamar kullum. Akwai littafin wata yarinya daga Biu da muka karanta tun kafin wannan hidima, yana jiran sharhi.

"Baba, na shirya."

"Mayar da su."

"Gobe ne fa za a tura."

"Na kira editan da safe. Na ce ya ba wani filin."

"Baba, sati ɗaya ne kawai za ka..."

"Littafin yarinyar nan yana da rauni a tsakiya," ya ce a hankali. "In na faɗa, za ta ce don ba ta neman 'yata ne. Kuma tana da gaskiya. In na yabi farkonsa, wanda ya cancanci yabo, wa zai yarda?" Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Abu ɗaya nake da shi da ya sa ake karanta ni. Ba iya rubutu ba ne, akwai waɗanda suka fi ni."

Bom bai hana shi ba, yanke waya bai hana shi ba. Ni na hana shi, ban ko buɗe baki ba.

Asabar ta zo. Tun da safe Ya Falmata ta cika gida da mata, ana ta burabusko da miya, turaren wuta ya game ko'ina. An shimfiɗa darduma a zaure. Ta fito mini da sabuwar lafaya ja ta ajiye a kan gado. Na dube ta, na dubi lallen da aka zana mini jiya, na fita.

Na sami Baba a ɗakinsa yana ƙoƙarin sa maɓallin wuya. Na durƙusa.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Ka ce musu a dakata. Ba zan iya ba. Duk lokacin da na dube shi, zauren nan nake gani. Ka ba su haƙuri, ka koma ka rubuta gaskiyar abin da ka gani a littafin. Mutane za su gane."

Ya bar maɓallin. Ya juyo da idanun nan nasa masu yana ya nemi inda nake.

"Ya yi miki wani abu?"

"A'a."

"Ya canza daga yadda kika san shi?"

"A'a, Baba."

"To shi bai yi ƙarya ba. Littafi mara kyau ya rubuta, wannan ba zunubi ba ne. Ni na yi ƙaryar." Ya numfasa. "Kuma ba ta gogewa. In na tashi gobe na ce wancan ba haka ba ne, sai a ce auren ne ya lalace ya huce a kan yaro. Ta ko'ina an rufe."

"Amma Baba..."

"Ba zan tilasta miki ba, ban taɓa ba. In kin ce a'a, yanzu zan fita in sallame su da bakina. Abu ɗaya kawai nake so ki sani kafin ki faɗa." Ya laluba ya dafa kaina, hannunsa ba nauyi. "Abin da zan bayar na riga na bayar, Gumsu. In kika fasa, na bayar a banza."

A waje na ji motoci sun tsaya, ana buɗe ƙofofi. Wata murya mai kauri ta yi sallama, mazan zaure suka amsa. Ya Falmata na kiran sunana daga tsakar gida, tana tambayar wa ya ga amarya.

Na miƙe na sa masa maɓallin, na gyara masa hula. Na riƙe hannunsa har bakin zaure, na sake shi ya shiga.

Ina komawa ɗaki na tarar da saƙon Hisham: "Sun iso. Malamata, kin yi farin ciki?"

Na kifa wayar a kan gado, na ɗauki jar lafayar na fara naɗawa.